Kango Ba Matacciyar Ƙasa Ba Ne: Darasi A Kan Raya Filayen Tsakiyar Gari

  

'Yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa a kan kango yake. Duk wanda ya zaga tsakiyar Filinge, ko ya sauka Yamai ya ratsa tsofaffin unguwannin da ke kewaye da babbar kasuwa, ya san abin da muke nufi: gidan ƙasa wanda damina ta cinye rabinsa, da tsohon ginin hukuma wanda jemagu suka gaje, da fegin da aka kewaye da bulo shekara goma ba a aza masa kome ba sai shara. Irin waɗannan wurare suna zaune ne daidai inda fili ya fi tsada, saboda haka idon masu kuɗi da idon hukuma ba ya sauka daga kansu. A manyan birane abu biyu aka fi son a gina a wurinsu, ko dai otal na saukar baƙi, ko kuwa gidan kwanan ɗalibai, domin dukkansu biyu haya ce da ba ta yankewa.

Raya wuri abu ne mai kyau, babu mai musun wannan. Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne wata kalma da muke yawan ji a bakin masu son fili, watau "ai wurin ya riga ya mutu". Da wannan kalma ake cinye gadon marayu, da ita ake tashin talaka daga inda aka binne cibiyarsa, da ita kuma ake sayar da filin jama'a a asirce. Alhali kuwa malaman fiƙihu sun daɗe da ware abin da ake kira matacciyar ƙasa, kuma kango ba ya cikinta.

Mece Ce Matacciyar Ƙasa?

A cikin littattafan fiƙihu akwai babi mai suna Ihya'ul Mawati, watau raya matacciyar ƙasa. Asalinsa hadisin da ya tabbatar da mallaka ga wanda ya raya ƙasar da ba ta kowa ba. Sharaɗin yana cikin wannan kalma ta ƙarshe: ta kasance ba ta kowa ba, babu wanda ya keɓanta da ita ta hanyar gini, ko saye, ko gado, ko kyautar shugaba. Rayawar kuwa ana yin ta da abin da ake gani, kamar haƙa rijiya, ko gini, ko dasa itace, ko sassabe da noma. Kewaye wuri da ƙaya kurum ba rayawa ba ne a wurin Malikawa.

Sa'an nan mazhabarmu ta Imamu Malik (Allah Ya ji ƙansa) ta raba tsakanin ƙasar da ke nesa da gari da wadda ke kusa. Ta nesa, kamar dajin da babu mai isa gare shi, mutum yana iya raya ta ba da izini ba. Ta kusa kuwa sai da izinin shugaba, domin a nan ne cutarwa da husuma ke aukuwa. Imamu Abu Hanifa ya shar'anta izini a ko'ina, Imamu Shafi'i bai shar'anta shi ba. Ban da wannan akwai harimin gari, watau makiyayarsa da wurin da mutanensa ke yin itace, wanda ba a bai wa mutum ɗaya. Mu da ke zaune cikin Dallol Boso ba mu bukatar a yi mana dogon bayani a kan haka, don mun san abin da toshe burtali guda ke haifarwa tsakanin manomi da makiyayi.

Wurin da ya fi shafar darasinmu shi ne wannan: idan gini ya rushe, mallaka tana rushewa tare da shi? Malikawa suka ce a duba yadda aka mallaki filin tun farko. In da rayawa aka mallake shi, sa'an nan aka bar shi ya koma daji, zamani ya yi tsawo, wani ya zo ya sake raya shi, to ya zama na biyun. In kuwa saye aka yi, ko an same shi daga hannun wanda ya raya, to rushewar gini ba ta gusar da kome. Filayen tsakiyar gari kusan dukkansu daga wannan kashi na biyu suke, an saya an sayar, an gada an sake gada. Saboda haka bangon da ya faɗi a bayan kasuwa yana da mai shi, ko da mai shi yana Kwatano ko Abijan shekara ashirin bai leƙo gida ba. Ko hukuncin hiyaza da wasu ke kafa hujja da shi, watau riƙon shekara goma, yana aiki ne a kan mai hakkin da yake nan, yana gani, ya yi shiru ba tare da wani uzuri ba. Ba ya aiki a kan wanda ba ya gari, ko yaron da bai balaga ba.

Filin Masallacin Manzon Allah

Mafi girman misali a wannan babi yana cikin tarihin Hijira, ko da yake ba mu cika lura da wannan ɓangare nasa ba. Wurin da taguwar Annabi (S.A.W.) ta gurfana a Madina ba fili ne mai tsabta ba. Mashanyar dabino ce ta marayu biyu daga Banu Najjar, Sahlu da Suhailu, waɗanda ke ƙarƙashin riƙon As'adu ɗan Zurara. A cikin wurin akwai kangaye, da 'yan itatuwan dabino, da tsofaffin kaburburan mushirikai. Da ma'aunin mutanen yau, wannan shi ne ainihin wurin da za a ce ya mutu. Ga shi kuma ba otal za a gina ba, masallaci ne, mai ginin kuwa shi ne fiyayyen halitta, mutanen gari suna rige-rigen ba shi abin da suka mallaka.

Duk da haka sai da ya nemi masu wurin, ya yi ciniki da su. Yaran suka so su ba shi kyauta, ya ƙi karɓa sai da saye, kamar yadda ya zo a cikin Sahihul Buhari. Malaman tarihi sun ambaci cewa dinari 10 aka biya, daga dukiyar Sayyidina Abubakar (R.A.). Bayan an gama wannan ne aka baje kangayen, aka sare dabinon, aka kwashe kaburburan, aka soma gini. Mu lura da jerin: an gano masu hakki, an biya su, sa'an nan aka sa diga.

Abin da aka yi da wurin daga baya shi ma darasi ne. Da aka juya alƙibla daga Baitul Maƙadisi zuwa Ka'aba, wata 16 ko 17 bayan Hijira, sai rumfar da ta koma bayan masallaci ta zama makwancin baƙi matalauta waɗanda ba su da gida ba su da dangi a Madina. Su ne Ma'abota Suffa, aikinsu neman ilmi, mutanen gari kuwa suna ɗaukar nauyin cinsu. Abu Huraira (R.A.), wanda babu sahabin da ya kai shi yawan ruwaya, a wannan rumfa ya zauna. Har ila yau, sa'ad da tawagogin ƙabilu suka yi ta zuwa a shekara ta 9, gidan Ramlatu 'yar Harisu ne aka riƙa saukar da su. Ashe ke nan masaukin baƙi da makwancin ɗalibai ba baƙin abubuwa ba ne a tsarin birnin Musulunci. Tun farko suna tsakiyarsa.

Yaushe Ake Karɓar Fili Da Tilas?

Mai tambaya zai ce, to idan mai fili ya ƙi sayarwa, alhali jama'a na bukata fa? Wannan ma ya faru. A shekara ta 17 Sayyidina Umar (R.A.) ya so ya faɗaɗa masallacin Madina, gidan Abbas baffan Annabi yana kan hanya, Abbas ya ƙi. Halifa bai aika da dakaru ba, sai suka kai ƙara gaban Ubayyu ɗan Ka'abu, aka bai wa Abbas gaskiya, sa'an nan shi da kansa ya ba da gidan sadaka. A Makka kuwa, a wannan shekara, Umar ya sayi gidajen da suka matse Ka'aba, waɗanda suka ƙi sayarwa ya rushe nasu, ya ajiye musu kuɗinsu har suka zo suka karɓa. Daga irin wannan ne Malikawa suka ce ana tilasta sayarwa don faɗaɗa masallacin Juma'a, ko hanya, ko maƙabarta.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tattara wannan mas'ala a zamanta na huɗu a Jidda, cikin watan Fabrairu 1988. Ta ce karɓar mallakar mutum ba ta halatta sai in hukuma ce ta karɓa, saboda wata larurar jama'a irin ta masallaci da hanya da gada, kuma a biya diyya nan take, wadda masana suka ƙiyasta, ba ta kasa kuɗin da wurin zai yi a kasuwa ba. Ta ƙara wani sharaɗi wanda shi ne ƙashin bayan maganarmu: kada abin da aka karɓa ya koma hanyar juya kuɗi, ko na hukuma ko na wani mutum. In kuma aka fasa aikin da aka karɓi wurin dominsa, mai shi na farko ko magadansa su suka fi cancanta a mayar musu. Dokar ƙasarmu ma, ta 1961 wadda aka yi wa gyara a 2008, ta ɗaure karɓar fili da amfanin jama'a da biyan diyya ta adalci tun kafin a tashi mutum.

To otal kasuwanci ne. Halal ne in an tsarkake shi daga giya da alfasha, yana samar da aiki, yana rufa wa gari asiri ranar da baƙi suka yi yawa, amma ba asibiti ba ne, ba hanya ba ne. Wanda ke son fili don otal ya je ya yi ciniki kamar kowa, mai fili in ya so ya sayar, in ya so ya shiga da filinsa a matsayin hannun jari.

Mu ɗauki wannan ma'auni mu dubi Yamai. A zamanin Shugaba Seyni Kunce, haifaffen Fandu a nan ƙasar Tondikandiya, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, lokacin da kuɗin yuraniyom ke shigowa, an tashi tsohuwar unguwar Gaweye da ke bakin kogi, ɗaya daga cikin unguwannin da birnin ya tsiro daga gare su, aka mayar da mutanenta ƙetaren ruwa. A wurinta aka gina otal ɗin Gaweye da babban zauren taro. Sunan unguwa ya zauna a kan ginin, masu sunan suka koma wani wuri. Bayan shekaru, Shugaba Mahamadu Isufu ya zo da shirin ƙawata birni mai suna Niamey Nyala a 2011. Ƙaramar kasuwa ta ƙone a 2012, ba a mayar da 'yan kasuwarta wurin ba. A 2016 aka bi manyan tituna aka rushe rumfuna da shaguna masu ɗimbin yawa. Kafin taron ƙolin Tarayyar Afirka na watan Yuli 2019 sai ga manyan otal-otal sun tashi, Radisson Blu wanda kamfanin Summa na Turkiyya ya gina, da Noom, da Bravia.

Ba za mu ce duk abin da aka yi kuskure ne ba. Hanya hakkin kowa ce, fiƙihu bai yarda mutum ya kafa shago a cikinta ya ƙuntata wa masu wucewa ba, kuma birnin da zai karɓi shugabannin nahiya yana bukatar inda zai sauke su. Sai dai 'yan kasuwa sun yi kukan cewa an daɗe ana karɓar haraji a hannunsu a kan waɗannan rumfuna, kuma an tashe su kafin a tanadar musu inda za su koma. A ganinmu wanda ya karɓi kuɗin mutum shekara da shekaru a kan wuri, ya riga ya ɗora wa kansa nauyin yi masa sanarwa mai isa da nema masa madadi. Da yawa daga cikin masu ƙananan sana'o'in Yamai kuwa 'yan ci-rani ne daga ƙasashe irin namu, abin da suka samu shi ake aikowa gida a sayi hatsi lokacin bazara.

Abin Da Ya Faru A Kano

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Kano akwai tsohon otal na gwamnati mai suna Daula, wanda ya lalace, aka taɓa miƙa shi ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, daga baya gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ba wani kamfani wurin bisa yarjejeniyar haɗin gwiwa, ya gina sabon otal da shaguna. A zamanin ne kuma aka yi shaguna a jikin filin Idi na Ƙofar Mata. Da gwamnati ta canja a ƙarshen watan Mayu 2023, Gwamna Abba Kabir Yusuf bai yi sati biyu a kan kujera ba aka sa motocin rusau, cikin watan Yuni, aka baje sababbin gine-ginen Daula da shagunan filin Idi. Sabuwar gwamnati ta ce dukiyar jama'a ce aka raba ba bisa ƙa'ida ba, masu gini suka ce suna da takardunsu daga hukuma. A watan Satumba na shekarar babbar kotun tarayya ta umurci gwamnati ta biya masu shagunan filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3.

Mu ba alƙalai ba ne a wannan shari'a. Abin da muke so a gani shi ne asarar ta hau kan kowa. Mai gini ya rasa gininsa, ɗan kasuwa ya rasa jarinsa, diyya kuwa daga baitulmalin talaka za ta fita, fili ya sake komawa tarin ɓaraguzai. Ciniki a kan filin jama'a in ba a yi shi a bainar jama'a ba, da shaidu da farashi sananne, tsawon ransa tsawon ran gwamnatin da ta ƙulla shi ne. Filin Idi kuwa hukuncinsa ya fi tsanani, domin abin da aka keɓe wa salla hubusi ne, shugaba mai kula da shi ne kawai.

Mai Kango Shi Ma Akwai Magana A Kansa

Kada mai fili ya karanta abin da ya gabata ya miƙe ƙafa. Annabi (S.A.W.) ya bai wa Bilalu ɗan Harisu Almuzani yankin Aƙiƙ, da ya kasa raya shi duka sai Umar ya bar masa gwargwadon ƙarfinsa, ya raba sauran ga Musulmi. Umar ne kuma ya yanka wa mai kewaye fili wa'adin shekara uku. Saboda haka wanda hukuma ta bai wa fegi bisa sharaɗin gini, ya ajiye yana jiran ya yi tsada, ba shi da bakin kuka ranar da aka karɓe. Wanda bangonsa ya karkata, aka yi masa gargaɗi ya ƙi gyarawa har ya faɗa wa wani, lamuni yana kansa.

Amma a garuruwanmu abin da ya fi haifar da kango shi ne gadon da ba a raba ba. Uba ya rasu, ana jin nauyin a ta da maganar, babban wa yana Yamai, ƙane yana Lome, mata suna gidajen aurensu ba wanda ya tambaye su, gida yana zubewa shekara bayan shekara har magada goma su zama hamsin. Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta riga ta warware wannan: abin da ba ya rabuwa sai da ɓarna, in ɗaya daga cikin masu tarayya ya nemi a sayar, ana tilasta wa wanda ya ƙi. Wanda ke jin ciwon gidan mahaifinsa ya fita hannun dangi kuwa, ƙofa a buɗe take ya sayi rabon 'yan'uwansa.

Ɗalibi Ina Zai Kwana?

Yanzu mu zo ga rabin maganar da aka fi mantawa. Baƙon da ya sauka daga jirgi da kuɗi a aljihu ya sami masauki a Yamai. Ɗanmu da ya ci jarrabawar bak a Filinge, ya yi tafiyar kilomita 180 ya ƙetare gadar Kennedy zuwa Jami'ar Abdu Mumuni, shi ne har yanzu wurin kwana ke yi wa wuya. Jami'ar da aka soma a 1971 da ɗalibai kaɗan, yau dubbai ne a cikinta, ɗakunan kwana ba su bi yawan ba. Ɗalibai kan cunkushe a ɗaki guda, wasu su kwana a rumfunan da suke kira ambasad, inda 'yan gari ɗaya ke haɗuwa su rufa wa juna asiri. Zanga-zangar watan Afrilu 2017, wadda ɗalibi ya rasa ransa a cikinta har aka rufe harabar jami'ar, halin zaman ɗalibai ne ya tayar da ita.

Ba sai mun je Yamai ba ma. Yaron da ya gama firamare a ƙauyen Kurfai ko na Tondikandiya, ya sami kwaleji a Filinge ko Damana ko Bonkuku, karatunsa yana rataye ne a kan samun mai masauki. In bai samu ba, ko ya samu gidan da ake mai da shi bara, sai ya koma gida. Yarinya kuwa sau da yawa ba a ma bari ta gwada. Rashin tsaro da ya rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tilaberi ya ƙara turo yara cikin garuruwa.

Ɗan kasuwa yana iya gina gidan hayar ɗalibai, kuma halal ne. Sai dai zai sa haya gwargwadon kuɗin da ya zuba, ɗan talaka kuwa ba zai iya ba. Abin da magabata suka yi wa wannan matsala shi ne hubusi, wanda ake kira wakafi. Malam Maƙrizi, marubucin tarihin Masar, ya ba da labarin cewa mutanen Kanem da suka bi ta Masar zuwa aikin hajji a wajen shekarun 640 na Hijira, watau tsakiyar ƙarni na 13, sun ba Alƙali Ibnu Rashiƙ dukiya ya gina makarantar Malikawa, suka kuma riƙa aiko mata da kuɗi daga ƙasarsu. A Azhar ma a da ƙasashe da dama kowace da ruwaƙinta, watau sashen kwana da karatu na ɗalibanta, har da na Barnawa, kuma hubusi ke ciyar da su. Ambasad ɗin ɗalibanmu ruwaƙi ne wanda bai sami mai yi masa hubusi ba.

A nan ne otal da gidan ɗalibai ke iya zama abu guda, ɗaya yana ciyar da ɗaya. Matsalar da kan taso ita ce, fili yana nan amma babu kuɗin gini, hubusi kuwa a asalin mazhaba ba a sayar da shi ko da ya zama kango. Malamai ba su tsaya suna kallo ba. Shehu Nasiruddini Allaƙani, babban malamin Malikawa na Masar a ƙarni na 16, ya ba da fatawar halaccin abin da ake kira huluwwi: mai kuɗi ya gyara hubusin da ya lalace, ya sami rabo sananne a cikin amfaninsa, asalin wurin kuwa yana nan hubusi. A zamaninmu Majalisar Fiƙihu, a zamanta na Sharja a 2009, ta halatta tsarin da mai jari zai gina, ya ci amfani zuwa wa'adi, sa'an nan ya miƙa ginin. A Singafo hukumar Musulmin ƙasar ta bi irin wannan hanya a farkon shekarun 2000 da wani tsohon hubusi a titin Bencoolen, aka sake gina masallacin, aka ɗora masa bene na saukar baƙi da shaguna, haya tana komawa ga hubusi. Dogayen benayen da ke fuskantar Ka'aba, masu agogo, su ma a kan wakafin Sarki Abdul'aziz suke, na hidimar Harami, ko da yake rushe tsohuwar ganuwar Ajyad da aka yi a 2002 don a gina su ya jawo suka mai yawa, musamman daga Turkiyya. Ƙasarmu kuwa ta kafa dokar wakafi a 2019, aka kuma yi hukuma ta musamman mai kula da shi.

Mu a Filinge ba bene mai hawa goma muke bukata ba. Gida guda a kusa da kasuwa ko tasha ya isa a fara. Magada su raba gadonsu tukuna, kowa ya san rabonsa, mace da namiji, wanda ke nan da wanda ke tafiya. Rabon maraya ba a yin sadaka da shi, sai dai a saya da kuɗin da ya dace ta hannun waliyyinsa. Wanda ya so ya yi hubusin nasa rabo ya yi, jama'ar masallaci da 'yan gari mazauna waje su haɗa kuɗi su sayi sauran. Fuskar da ke kallon titi a yi shaguna da 'yan ɗakunan saukar fatake da ma'aikatan da ke zuwa aiki na kwana biyu, kamar yadda fatoma ke saukar da baƙi a zango tun zamanin fataucin goro. Cikin gida a yi ɗakunan ɗalibai, na 'yan mata a gida daban, da dattijuwa mai kula da su.

Sai a rubuta. Yawancin hubusin da ya salwanta a ƙasarmu da baki aka yi shi, shaidu suka mutu, jikoki suka ce gidan kakansu ne. Takarda ta ambaci iyakokin fili ta fuska huɗu, da waɗanda aka yi hubusin dominsu, da mai kula da yadda za a canja shi in ya gaza, da abin da ba a yarda a sayar ko a aikata a cikin shaguna da ɗakuna ba. In da mai jari a ciki, a rubuta shekarun da zai ci da ranar da zai miƙa, da halin da ginin zai kasance ranar miƙawa, don kada ya tatse shi ya mayar mana da wani kangon. A kai takardar gaban alƙali da hukumar gari da kwamitin filaye wanda dokar karkara ta 1993 ta tanada, a kuma karanta lissafin shiga da fita a masallaci sau ɗaya a shekara.

Daga cikin haya, abin da ake fara fitarwa shi ne kuɗin gyara, kafin abincin ɗalibai, kafin ladan mai kula. Malikawa sun ce ko da mai hubusin ne da kansa ya shar'anta a fara da masu cin amfani a bar gyara, ba a bin wannan sharaɗi nasa. A gidan ƙasa irin namu wannan yana nufin yaɓe da gyaran indararo kowace shekara kafin ruwan farko ya sauka.